Igiyar Kwandon Mma Ajara

Ruwan azahar bai gama ɗaukewa ba aka ji ƙarar, kamar tifa ta juye yashi a tsakiyar unguwar Akwatialine. Kafin mata su gama salati, katangar bayan ɗakin Mma Ajara ta riga ta kwanta a kan gadonta, ita kuma tana kai. Tsohuwar da rabin unguwar nan ta sha kokonta kafin tafiya makaranta, haka aka tono ta da hannuwa, carbi na naɗe a yatsunta.

Jama'ar Zongo kuwa ba ta iya kuka ba sai ta sami wanda za ta ɗora wa. Ba a ko rufe gawar da zane ba Osmanu ya ɗaga wayarsa sama yana rusa ihu. Shi ne ɗan ƙanen marigayiyar, shi ke riƙe da gidan gadon tun rasuwar ubansa.

"Ku duba! Ku duba da idonku! Tun kafin ta faɗi a karkace take!"

Hoto ne irin wanda ake juyawa da yatsa, a ga gaba a ga baya a ga zurfi. A cikinsa ga katangar nan ta sunkuyo kan ɗakin tsohuwa, ko makaho ya shafa ya san ba daidai take ba. Wanda ya gyara katangar bara kuwa, Moro magini, yana nan durƙushe cikin masu tono, hannuwansa duk jini saboda kwasar bulo. Bai ma san me ake nunawa ba sai da ya ji an shaƙo wuyan rigarsa ta baya.

Abin da samarin suka yi masa a cikin taɓon nan, har yau babu wanda ya yarda ya gani. Kowa ka tambaya, lokacin ya juya baya.

*

Hikma ta sami Moro a asibiti, hannun dama naɗe da farin ƙyalle har gwiwa, na hagu ɗaure da ankwa a jikin ƙarfen gado. Ita ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinta awon filaye, tana yawo da na'ura tana ɗaukar surar ƙasa da gine-gine ta zuba a kwamfuta. Amma Zongo ba da wannan ta san ta ba. Ubansu Baaba Issifu shi ne mai bin sawun shanun sata daga Mayanka har cikin daji, kuma duk cikin 'ya'yansa ita ta ɗauko idon. In an sace moto, wato babur, a Aboabo ko akuya a Alabar, Hikma Mai-sawu ake nema.

Likita ya gaya mata a tsaye, yana sauri. An ɗora hannun a kan bulo aka dake shi da wani bulon. Yatsu ba za su gyaru ba. In ya warke kuma, 'yan sanda na jiransa da tuhumar kisa.

"Yaya," ta ce, "su wa?"

Moro ya juyar da kai wajen bango. "Na sa zare, Hikma. Kowane layi sai da na saki zare na duba. Gindin katangar tsohon ginin ƙasa ne, shi ya sa na bar rariya a buɗe, na ce kada a bar ruwa ya kwanta. Katangar a miƙe take."

"Na ce su wa?"

Ya lumshe ido. Ta sunkuya ta jawo ledar kayansa daga ƙarƙashin gado. Farar rigar da ya sa don zuwa masallaci ce, bayanta duk shatin takalma, taɓo ya bushe a kai ras, kowane da zanensa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, wallahi ko ƙwalla, sai dai abu ɗaya ta sani: so take ta ga an ɗora hannun wani a kan bulo. Ta ninke rigar a hankali yadda taɓon ba zai kakkaɓe ba, ta sa a jaka.

*

Wanda ya ɗauki hoton shi ta fara yi wa dirar mikiya. Latif sunansa, yana da ɗan shago a Alabar inda yake zana wa mutane taswirar gini. Yana ganinta ya miƙe, kujera ta faɗi.

"Nawa ne kuɗin karkatar da katanga a shagon nan?" in ji Hikma.

"Ei, sista! Na rantse da Allah ban taɓa komai ba!" Hausarsa ta kasuwa ce, Twi na leƙowa ta ko'ina. "Alhaji Osmanu ya ce yana so ya rushe gidan ya yi bene, shaguna a ƙasa. Ya ce in zo in yi sikan. Na zaga da waya, na ɗauka, na tura masa. Shi ke nan. Me kraa ban san zai nuna wa mutane ba."

"Yaushe?"

"Farkon damina. An yi ruwa kamar sau nawa."

"Wa ya zaunar da hoton a ƙasa?"

Latif ya yi turus. "Manhajar ce ke yi da kanta."

"Buɗe."

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. In ka ɗauki surar wuri da waya, kwamfuta ba ta san sama ba, ba ta san ƙasa ba. Gidan zai fito yana lilo a sarari, sai an kama shi an zaunar. In ka bar manhaja ta zaunar da kanta, sai ta nemi shimfiɗar da ta fi faɗi ta ce wannan ce ƙasa, ta kwantar da ita sumul. A nan, shimfiɗar ita ce daɓen ɗan filin da ke bayan ɗakin Mma Ajara, inda katangar take.

Hikma ta ture shi ta zauna. Ga katanga a karkace, ba ƙarya. Ta zo da yaƙinin za ta kama Latif da maguɗi, ga shi ba maguɗin. Ta juya hoton, ta matso, ta ja baya. Tagar tsohuwa. Gangunan roba na Osmanu jere a lungun katanga. Wani baƙin shati a gindin bango da ya tafi a gicciye. Sai kwandon busasshen kifi, wanda Mma Ajara ke ratayewa da igiya daga bakin kwano saboda kyanwoyi.

Ta tsaya a kan kwandon.

"Latif. Igiyar nan, ina ta nufa?"

Ya matso. Igiyar ba ƙasa ta nufa ba. Ta karkata, kwandon na reto a gefe kamar iska ta riƙe shi, kuma karkatarta daidai da ta katangar.

"Wane daɓe ka taɓa gani a Zongo da yake kwance sumul?" ta ce. "Ina ruwan wanki zai bi? Ina na alwala zai bi? Kowane tsakar gida a nan gangare ne zuwa rariya. Manhajarka ta kwantar da gangare, dole duk abin da ke tsaye ya karkata!"

Ta kama hoton ta fara juya shi kaɗan-kaɗan, tana daidaita igiyar da layin tsaye na manhajar. Ta duba ta gaba, ta gyara. Ta koma ta gefe, don abu kan miƙe ta nan ya karkata ta can, ta sake gyarawa har igiya da layi suka zama ɗaya. Katangar Moro ta miƙe ƙyam. Daɓen ya gangara zuwa gindinta, yadda aka yi shi.

Latif ya dafe kai. "Awurade, ya Ubangiji. Sun karya hannun mutum a banza."

Hikma ba ta ji shi ba, don wani abu ya sake miƙewa. Baƙin shatin nan na gindin bango, wanda ɗazu yake a gicciye kamar dattin banza, yanzu ya kwanta a miƙe sambal, daga katanga ya zagayo jikin gangunan, tsayinsa ya haura idon sawu. Abu ɗaya ne kawai ke zana irin wannan layin a duniya, kwantaccen ruwa. Ruwa kuwa ba ya kwanciya a bakin rariya sai an toshe ta.

*

Duk Akwatialine ta san wa ke gaba da rariyar nan. Rakiatu mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda teburinta ke lungun da ruwan ke fitowa. Ta sha tsayawa tana zage-zage, ta sha rantsuwa sai ta cusa wa rariyar siminti.

Hikma ta same ta tana zuba wa wani mai saye shito, soyayyen yajin nan, a ganye. Ba gaisuwa.

"Anti Rakiatu, kin cika alkawari kenan."

Rakiatu ta ajiye ludayi, ta riƙe ƙugu. "Ke 'yar Issifu, kada ki kawo mini raini. Na faɗa, ƙwarai na faɗa, bakina ne. Ruwan kifi da na wanki yana bi ta ƙarƙashin teburina, in yi shiru? Amma da ruwan ya daina zuwa, na ɗauka shiriya ce Allah ya yi musu. Har koko na aika aka sayo mini wajen tsohuwar don mu shirya." Ta goge ido da gefen zane, ta ja Hikma da ƙarfi. "Zo ki gani, mai ido."

Gindin katangar bai faɗi ba, saman ne ya tafi. Bakin rariyar ta waje a buɗe yake, a bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa. Hikma ta karɓi muciyar Rakiatu ta zura. Ta shiga, ta shiga, sai can ciki ta ci karo da abu mai tauri. Ta ciki aka toshe.

"Wa ke shiga filin bayan nan?"

"Osmanu ya sa masa ƙofa da kwaɗo saboda gangunansa. Amma in kin tambaye shi zai ce makulli na rataye a ƙusa, kowa na ɗauka. Kin san bakinsa."

Maza duk suna wajen addu'ar marigayiya a ƙofar masallaci. Su biyu suka tsallaka ta kan ɓaraguzai, Rakiatu na haƙi tana tsine wa wanda bai ji ba bai gani ba, suka kawar da bulo da fasassun ganguna. Ƙasan wurin har yanzu caɓal, tsohon ginin ƙasa ya jiƙe ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa. A bakin rariya ga curin siminti, an cusa shi da buhu. Hikma ta ɓanɓaro shi da ƙarfe, ta wanke fuskarsa da ruwan buta.

Wanda ya yi aikin ba magini ba ne. Ba shi da cokalin gini, sai ya danna simintin da dunduniya. Ga shatin nan ya zauna ɓaro-ɓaro: dunduniyar takalmi da aka yi wa faci da tayar mota, an yanka facin a karkace, ga kawunan ƙusoshi, ɗaya a lanƙwashe.

Hikma ta yi murmushi, irin wanda ya sa Rakiatu ta ja da baya.

"Kada ki gaya wa kowa, Anti."

"Ni? Bakina..."

"Shi nake tsoro."

*

Mai-unguwa ya tara mutane a zaurensa bayan addu'ar bakwai, da la'asar. Hikma ce ta roƙe shi, ta kuma roƙi a kira kowa: Osmanu, Latif, Rakiatu, limami, da Abdul'aziz shugaban samarin lungun tare da yaransa, waɗanda tun ranar suke yawo ƙirji a buɗe kamar sun yi jihadi. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya shiga, yadda aka saba. Zaure ya cika, ita ba ta zo ba. Har an fara gunaguni sannan ta yi sallama, kwamfuta a hannu ɗaya, buhu a ɗayan.

Ta durƙusa ta gaida Mai-unguwa, ta buɗe hoton yadda Osmanu ya nuna shi.

"Ga shi nan!" in ji Osmanu. "Me kuma ake nema? Gwaggona ce, ita ta goye ni. A bar mu mu yi makokinmu."

"Za ka yi, Alhaji." Ta matso da kwandon kifin har ya cika fuskar kwamfutar. "Baaba Mai-unguwa, a duba igiyar nan. Ita ma a karkace take. Moro ne ya gina ta?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Ta juya hoton a gabansu har igiya ta nufi ƙasa, katanga ta miƙe, layin ruwa ya kwanta. Ba ta yi dogon bayani ba, don duk wanda ke zauren ya taɓa share ruwa zuwa rariya. Limami ya ce, "Inna lillahi," a hankali.

"Ruwa aka tara wa gindin katangar duk damina," in ji ta. "An toshe rariya."

Idanu suka koma kan Rakiatu. Ta zabura za ta fara, Hikma ta ɗaga mata hannu.

"Ta ciki aka toshe."

"To ai makullin a ƙusa yake," Osmanu ya yi caraf. "Kowa na..."

"Na san za ka ce haka."

Ta zaro curin simintin daga buhu ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ta sake zura hannu ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, baƙin sandal na fata, wanda ta ɗauko yanzun nan a bakin ƙofa. Ta kifa shi kowa ya ga facin tayar, ta ɗora dunduniyar a kan simintin. Ya zauna daram, har lanƙwasasshiyar ƙusar ta faɗa raminta.

"Na wane ne?" in ji Mai-unguwa.

Ba wanda bai san sandal ɗin Alhaji Osmanu ba. Mutumin da zai gina bene amma ba zai sayi sabon takalmi ba!

Osmanu ya sulale daga kan kujera. "Tsagewa kawai nake so ta yi," ya ce, murya kamar ta yaro. "Ta ƙi tashi daga ɗakin. Na ce in bango ya tsage za ta ji tsoro ta koma na gaba, in samu in fara aiki. Ban san zai faɗi ba. Wallahi ban san..."

"Da ya faɗi fa?" in ji Hikma. "Wayar ma ba ka san ka ɗaga ba?"

Zaure ya rikice. Abdul'aziz ya yi tsalle ɗaya ya cafko hannun Osmanu na dama ya murɗe, yaransa suka taso. "Ku bar mana shi! Kai, kawo bulo!"

Gaskiya ɗaya ce, Hikma ta so. Ta so ƙwarai. Tana kallon yatsun Osmanu a murɗe, tana jin daɗi har cikin ƙashinta, kuma ta ƙyale su fiye da yadda ya kamata, har sai da ya yi ƙara. Sannan ta miƙe.

"Abdul'aziz. Da wane takalmi za ka fita neman bulon?"

Ya waiga bakin ƙofa. Nasa babu. Na yaransa ma babu.

Ta fito da farar rigar Moro ta shimfiɗa a kan tabarma, baya a sama. Ta zazzage buhun. Ta ɗauki kambas mai zanen igiyar ruwa ta ɗora a kan shatin da ke tsakanin kafaɗu, ya hau. Ta ɗauki silifas mai cinyayyen gefe ta ɗora a kan haƙarƙari, ya hau. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, tana kiran sunan mai kowane, kamar mai rabon naman layya. Na Abdul'aziz ta ajiye ƙarshe, but ne mai ƙarfe a baki, shatinsa na kan hannun rigar na dama, inda aka take don kada hannun ya motsa.

"Kowa ya ce ya juya baya," ta ce wa zauren. "To, bayan Moro bai juya ba."

Abdul'aziz ya saki Osmanu. "Sista, hoton muka gani..."

"Ni ma shi na gani."

'Yan sanda na tsaye a lungu tun ɗazu, ita ta kira su. Suka kwashe takalman a matsayin shaida. Haka aka tasa ƙeyarsu, Alhaji a gaba samari a baya, ƙafa ba takalmi, suna taka taɓo da ruwan gwata tun daga ƙofar Mai-unguwa har bakin titi. Rakiatu na biye da su, kuma a wannan karon ba wanda ya ce ta yi shiru.

*

Washegari da hantsi aka cire wa Moro ankwa. Ya daɗe yana murza wuyan hannun a jikin bargo, don babu ɗayan da zai murza da shi. Hikma ta zauna a gefen gado tana ba shi labari, da sandal, da buhu, da tafiyar ba takalmi. Ta ɗauka zai yi dariya, ko ya ce madalla. Ko kai bai ɗaga ba.

"Nuna mini," ya ce.

Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarsa. Ya rufe ido ɗaya, yadda yake yi in ya saki zare a jikin gini, ya bi katangar daga sama har ƙasa, ya ce ta juya masa ta gefe, ya sake bi.

"A miƙe take," ya ce.

"A miƙe take, Yaya."

Ya ɗago hannun dama zai shafa hoton, ƙullin farin ƙyallen ya bugi gilashin. Ya tsaya yana kallonsa. A nan ne kukan da Hikma ta riƙe tun ranar ya ƙwace mata, ta kifa kai a ƙarfen gadon, Moro na bubbuga bayanta da hagu.